Yadda Ake Amfani da Sinadaran Ƙara Kauri da Hana Tsinkewa a Yogot, Kunun Aya da Askirim

Masu ƙananan sana'o'in abin sha sun daɗe suna maimaita tambaya ɗaya: me ya sa yogot yake kwana a firij ya wayi gari da ruwa kwance a samansa, ko kunun aya ya rabu gida uku a cikin gora, alhali na kamfani yana yin mako guda bai motsa ba? Wasu kuma sun sayi CMC, wani farin gari da ake sa wa abin sha don kada ya rabu, sun zuba, abin ya ƙara lalacewa. Da wuya laifin ya zama na sinadarin. Ko dai an zaɓi wanda bai dace da abin shan ba, ko an auna da cokali, ko an zuba shi a lokacin da bai kamata ba. Awon haɗe-haɗen da ke ƙasa na lita 10 ne, sai inda aka faɗi wani awon.

1. A gano matsalar kafin a sayi komai

A zuba abin shan a gora mai haske, a bar shi ya kwana a firij, da safe a duba kafin a girgiza.

Idan bai rabu ba amma ya tsinke a baki, mai ƙara kauri ake nema: sitaci, garin guwa (guar gum) ko na zantan (xanthan gum). Idan ruwa ya ware gefe ko gari ya kwanta a ƙasa, mai riƙewa ake nema: CMC, pektin, jelatin, karajinan, ko zantan ɗan kaɗan. Idan kuma mai ne ya taso ya yi zobe a wuyan gora, sai mai haɗa mai da ruwa: lesitin, GMS (wani gari mai kama da kaki) ko ƙaro.

Gargaɗi: idan gora ta kumbura, ko abin ya yi wari, ko tsami ya wuce kima, ƙwayoyin cuta ne suka shiga. Babu ko ɗaya daga cikin sinadaran nan da ke kashe su ko ƙara wa abin sha kwana. Hasali ma suna iya ɓoye lalacewa, domin abin ya riga ya ɓaci amma a ido yana nan a haɗe. Maganin wannan tsafta ne da dafawa da sanyi.

2. Kayan aiki

Sikelin dijital mai nuna giram 0.1 shi ne abu na farko, kuma babu madadinsa. Cokalin shayi ɗaya na zantan yana kai giram 2.5 zuwa 3, wato abin da ya ishi lita 3 na kunun aya, kuma cikar cokali ta yau daban take da ta gobe. Sai ma'aunin zafi da ke kai digiri 100, takardar gwajin tsami ko ƙaramin ma'aunin pH (lambar tsami ce, tana raguwa idan tsami ya ƙaru), bilanda (ta hannu wadda ake tsomawa a tukunya ta fi sauƙi), maburgi, rariya mai laushi, tukunyar silba mara tsatsa, da kula mai riƙe zafi.

3. Saye: a nemi lamba, kada a dogara da baki

Kowane sinadari yana da lambar da ba ta canzawa a duk ƙasar da aka yi shi. CMC shi ne E466, zantan E415, guwa E412, ƙaro E414, pektin E440, karajinan E407, lesitin E322, GMS kuma yana ƙarƙashin E471. Gyararren sitaci mai jure tsami da sanyi yana zuwa da lamba E1422 ko E1442. A nemi mai shago ya nuna buhun da ya ɗebo, a karanta lambar da ranar lalacewa.

Gargaɗi kan CMC: iri biyu ne a kasuwa, kuma a ido ba a bambance su. Akwai na masu haɗa sabulun ruwa da fenti, wanda ba a tace shi sosai ba, yana ɗauke da ragowar gishiri da wasu sinadarai. Na abinci tsarkinsa yana kai kashi 99.5 cikin 100. Shagunan kemikal da yawa suna sayar da duka biyun a ƙulle cikin farar leda babu rubutu. Wanda ba a ga buhunsa ba kada a zuba shi a abin da mutane za su sha. Don yogot, a nemi mai jure tsami. A buhunan da ke zuwa daga China sau da yawa ana rubuta masa FH9.

Gargaɗi kan jelatin: daga fata da ƙashin dabba ake yin sa, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga fatar alade ne. A sayi na shanu ko na kifi mai shaidar halal a jikin buhu. Idan babu shaida, a bar shi a yi aiki da sitaci kaɗai.

4. Lissafin awo da na kuɗi

Kashi 0.1 cikin 100 daidai yake da giram 1 a lita 1, wato giram 10 a lita 10. Da wannan ƙa'idar ake fitar da sauran. Iyakokin da ake aiki a cikinsu ke nan a kowace lita:

- CMC a yogot na sha: giram 3 zuwa 5
- pektin a yogot na sha: giram 3 zuwa 4
- jelatin a yogot mai kauri: giram 3 zuwa 5
- sitaci a yogot mai kauri: giram 10 zuwa 15
- zantan a abin sha: giram 0.5 zuwa 1.5
- guwa: giram 1 zuwa 3
- lesitin ko GMS: giram 2 zuwa 3

Kuɗin kilo yana ruɗin mutane. Kilo 1 na CMC a kan giram 4 yana yin lita 250. Kilo 1 na zantan a kan giram 1 yana yin lita 1,000. Kilo 1 na sitaci a kan giram 12 bai wuce lita 83 ba. A raba kuɗin kilon da adadin litar da zai yi, nan ne za a ga ainihin tsadarsa. Zantan ko ya ninka CMC sau uku a kuɗin kilo, ya fi shi araha a kan kowace gora. Mai farawa kada ya sayi fiye da giram 100 zuwa 250 na kowanne, domin garin yana jan danshi ya dunƙule, musamman da damina.

5. Narkarwa ba tare da gudaji ba

A nan ne mafi yawan asara take faruwa. CMC, zantan, guwa da pektin suna shan ruwa da gaggawa. Idan aka juye garin a dunƙule, na waje ya kumbura nan take ya zama fata mai santsi, na ciki ya zauna a bushe. Gudajin da ya riga ya samu ko an yini ana burgawa ba ya bajewa duka. Idan aka tace shi aka zubar, an zubar da rabin awon ke nan, sai abin sha ya tsinke, mai shi ya ɗauka sinadarin ne ba shi da ƙarfi ya ƙara wani.

Hanyar ita ce:

a) A gauraya garin da busasshen sukari ninkinsa 5 zuwa 10. CMC giram 40 yana son sukari giram 300 zuwa 400. A juya su sosai a busasshen kwano har sai ba a bambance su. Ƙwayoyin sukari ne ke raba ƙwayoyin garin da juna, kowace ta samu ruwanta.

b) A kunna bilanda, ko a burga ruwan har ya yi rami a tsakiya, sannan a riƙa barbaɗa haɗin a gefen ramin a hankali, cikin minti 2 zuwa 3. Ruwa ne ke fara motsi kafin gari ya shiga, ba a zuba ruwa a kan gari.

c) A ci gaba da juyawa minti 10, sannan a rufe a bar shi. CMC da zantan suna son minti 30 zuwa awa 1, guwa a ruwan sanyi yana ɗaukar kusan awa 2 kafin kaurinsa ya cika. Wanda ya duba bayan minti 5 ya ga ruwa-ruwa ya ƙara gari, shi ne zai dawo ya tarar da abu ya daskare.

Idan abin da ake haɗawa ba shi da sukari, a dama garin da man gyada ko gilisarin na abinci ninkinsa 2 zuwa 3, ya zama kamar kwaɓi, sannan a zuba.

Gargaɗi: tsami da gishiri suna zuwa ne a ƙarshe, bayan garin ya gama shan ruwa. Idan aka fara zuba ruwan lemon tsami, tsamiya ko garin tsami na sitirik, CMC ba zai buɗe yadda ya kamata ba. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai nauyi, irin wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, shi ma yana rage masa ƙarfi.

Sitaci da jelatin tsarinsu daban ne. Sitaci a ruwan sanyi ake dama shi, kuma ba ya yin kauri sai zafi ya wuce digiri 65 zuwa 70, ba ya nuna sosai sai ya kai 85. Jelatin ana barbaɗa shi a ruwan sanyi ninkinsa 5, a bar shi minti 10 ya kumbura, sannan a narkar da shi a abu mai zafi.

6. Yogot mai kauri, na ci da cokali

Kayan haɗi: ruwa lita 8.5, madarar gari kilo 1.4, sukari giram 700, sitaci giram 120, jelatin giram 35, iri (yogot ɗin da ake zubawa don madara ta kama) giram 250.

A duba bayan buhun madara tukuna. Cikakkiyar madarar gari tana da furotin giram 24 zuwa 26 a kowane giram 100. Akwai wadda aka cire mata man shanu aka maye da man itatuwa, kuma wasu nau'o'inta furotin ɗinsu bai kai haka ba. Furotin shi ne ƙashin bayan yogot, sinadari taimako kawai yake yi masa.

A dama madarar a ruwa mai ɗumi, digiri 40 zuwa 45, a bar ta minti 20 ta jiƙa. A dama sitaci da kofi biyu na ruwan sanyi daga cikin awon, a zuba tare da sukari tun zafi bai kai 50 ba. A ɗora a wuta ana juyawa har digiri 85, a riƙe shi a nan minti 30. Dafuwar nan tana sauya furotin ɗin ruwan madara ya manne da sauran, kuma ita kaɗai tana rage fitar ruwa sosai. Masu tsallake ta saboda tsadar gas su ne suka fi kukan tsinkewa. Idan ana tsoron kamu, a sa tukunyar a cikin wata babba mai ruwa. Ana saura minti 5 a sauke, a zuba jiƙaƙƙen jelatin.

A huce da shi zuwa digiri 43, a zuba iri, a juya sau ɗaya sosai, a rufe a kula awa 4 zuwa 6. Kada a motsa kular. Idan pH ya sauka 4.5 zuwa 4.6, a kai firij ya kwana, washegari a juya a hankali da maburgi.

Gargaɗi: iri a zafin da ya haura 46 yana raunana, yogot ya fito da tsaki-tsaki. Barin sa ya wuce lokaci har pH ya faɗi ƙasa da 4.2 yana matse shi ya fitar da ruwa. Bilanda kuma tana farfasa ginin gaba ɗaya, ba ya komawa.

Gargaɗi na biyu: jelatin yana sakin jiki a digiri 30 zuwa 35. A bazarar Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura 40, yogot ɗin da ya dogara da jelatin zai saki a hannun ɗan talla kafin azahar. Wanda kayansa ke yini a waje ya rage jelatin ya ƙara gyararren sitaci zuwa giram 150. Ɗanyen abarba, gwanda da citta suna da sinadarin da ke cinye jelatin, sai an dafa su kafin a haɗa.

Sitacin masara na gida yana aiki, amma bayan kwana 2 zuwa 3 a firij yakan matse ya saki ruwa. Na rogo ya fi shi haƙuri da sanyi, sai dai yana ɗan yauƙi. Wuce giram 20 a lita kuma ya fita daga gyara ya shiga algus: an sayar wa mutum kunu da sunan madara, kuma yaron da aka saya wa don ya samu abinci mai gina jiki shi ne aka cuta.

7. Yogot na sha, na gora

Nan ne gidan CMC, kuma nan ne aka fi zuba shi a baibai. Ba a sa shi a madara kafin ta yi tsami. A madarar da ba ta da tsami, CMC da furotin ba sa jituwa, suna ture juna har ruwa ya ware. Bayan tsami ya sauka ƙasa da pH 5 sai lamarin ya juye: CMC ya manne a jikin kowace ƙwayar furotin ya lulluɓe ta, ya hana ta haɗuwa da 'yar'uwarta. Muddin ba su dunƙule ba, ba za su nutse su bar ruwa a sama ba.

A haɗa yogot zalla lita 6 kamar yadda aka bayyana a sama, amma babu sitaci, babu jelatin, babu sukari, da madara giram 850. A gefe guda a tafasa ruwa lita 3.5, a bari ya sauko digiri 70, a narkar da CMC giram 40 da sukari giram 750 bisa tsarin mataki na 5. A bar ruwan sukarin ya huce ƙasa da digiri 25. A fasa yogot da maburgi ya yi laushi, a riƙa zuba masa ruwan CMC ana juyawa, sannan a markaɗa da bilanda minti 2 zuwa 3. A wannan nau'in markaɗe alheri ne, domin ƙananan ƙwayoyi sun fi daɗewa a rataye. A gwada pH, a nemi 4.0 zuwa 4.3. Filebo da kala su ne na ƙarshe.

Gargaɗi: tsimin CMC ya fi rashinsa muni. Idan bai isa ya lulluɓe ƙwayoyin duka ba, zare ɗaya yakan kama ƙwaya biyu ya ɗaure su tare, sai rabuwa ta fi sauri. Wanda ya sa giram 1 a lita ya ga ruwa ya ware, ƙari yake buƙata. Zuba ruwan CMC da zafinsa a kan yogot kuma yana dafa furotin ya yi yashi-yashi a harshe.

Pektin giram 35 yana iya maye gurbin CMC, kuma ya fi shi sauƙi a baki, amma a narkar da shi a digiri 80, a kuma tabbatar na madara mai tsami ne. Karajinan ba ya aiki a nan, tsami da zafi suna karya shi. Wurinsa madarar koko ce, giram 2 zuwa 3 kacal a lita 10, a dafa su tare har digiri 80.

8. Kunun aya

Aya tana da mai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinta, da sitaci mai yawa. Shi ya sa take rabuwa uku: mai a sama, ruwa a tsakiya, farin gari a ƙasa. Matsala biyu ce, maganinta ma biyu ne.

A jiƙa busasshiyar aya kilo 2 awa 8 zuwa 12, ana canza ruwa, a wanke, a markaɗa da dabino da kwakwa idan ana so, a tace sau biyu da kyalle mai laushi. A ajiye a wuri mai sanyi minti 30, a tsiyaye na sama, a bar farin da ya kwanta. Rage wannan garin ya fi a ce sinadari ne zai ɗauke shi duka. A ɗebi lita 1 a bilanda, a zuba lesitin giram 20 a markaɗa minti 2, sannan a barbaɗa zantan giram 8 zuwa 10 da aka gauraya da sukari giram 100, a mayar cikin sauran a juya sosai. A bar kumfa ta kwanta kafin a ɗura.

Gargaɗi: zantan da ya kai giram 3 a lita yana mayar da kunu mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, kuma babu gyara sai dai a ƙara wani kunun da ba a sa masa komai ba. Idan za a ɗumama don kashe ƙwayoyin cuta, a tsaya digiri 63 zuwa 65 na minti 30, a sanyaya da gaggawa. Da zarar ya haura 70, sitacin aya ya nuna, abin sha ya koma koko. Ko da an yi duk wannan, kwana 2 zuwa 3 ne iyakarsa a firij.

Lesitin ba ya farfasa mai, hana shi sake haɗewa yake yi bayan inji ya farfasa. Kamfanoni suna matsa abin sha ta injin da ke aiki da matsi mai ƙarfin gaske, bilandar gida ba ta kai nan. Saboda haka ɗan siririn zobe bayan kwana biyu ba gazawa ba ne, a rubuta "a girgiza kafin a sha" a jikin gora.

9. Ƙaro don filebo mai mai

Ƙaron dakwara da ake tsinta a Yobe, Borno da Jigawa, wanda malamai ke sa wa tawada, shi ne E414 da kamfanonin lemon kwalba na duniya ke saye, mafi yawansa daga Sudan. Ba ya ƙara kauri sai an zuba da yawa, amma wajen riƙe man filebo a cikin ruwa mai tsami kamar zoɓo ko jinja, da wuya a samu kamarsa. A zaɓi fari mai haske, a cire ɓawo da ƙasa, a daka. A jiƙa giram 20 a ruwa mililita 70 ya kwana, a tace, a ɗumama a digiri 70 na minti 30, a huce. A riƙa ɗiga man filebo giram 10 bilanda tana gudu, a markaɗa minti 5. Giram 1 zuwa 2 na wannan haɗin ya ishi lita 1.

10. Askirim

A kilo 10 na haɗi: GMS giram 25, guwa ko CMC giram 18, karajinan giram 2. A gauraya su da sukari, a zuba a madara tana digiri 45 zuwa 50, a kai 70 a riƙe minti 30. GMS sai zafi ya kai 65 yake narkewa. A madara mai sanyi yana barin ƙwayoyi masu kakin da ke manne wa dasashi. A markaɗa da zafinsa, a sanyaya, a bar shi a firij aƙalla awa 4, kwana ya fi, kafin a buga. Amfanin guwa yana fitowa ne ranar da aka ɗauke wuta: askirim ya ɗan saki ya sake daskarewa, shi ne ke rage girman ƙanƙarar da ke fitowa. Karajinan ɗin kuwa yana hana guwa ko CMC raba ruwan madara.

11. Gwaji, lakabi da ajiya

Kafin a haɗa na sayarwa, a yi gora 3 ta lita ɗaiɗai: awo mafi ƙanƙanta, na tsakiya, da mafi yawa. A rubuta a jikinsu, a duba bayan awa 24 da 48, a kuma fitar da rabin kowace a bar ta awa 3 a zafin ɗaki don ganin halinta a shago. A zaɓi mafi ƙarancin awon da ya riƙe. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, kuma duk lokacin da aka sauya buhu ko kamfani a maimaita, domin CMC na wani kamfani yana iya ninka na wani kauri.

Mai neman rajistar NAFDAC zai rubuta duk abin da ya zuba a jikin lakabi, har da sinadaran nan, da aikin kowanne da sunansa ko lambarsa. Idan lesitin na waken suya ne a bayyana, saboda masu borin jini da shi.

Gargaɗi: kada a kaurara madarar jarirai da waɗannan garuruwan. A 2011 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a ba bakwaini wani mai kauri da aka yi da zantan, bayan an samu jariran da hanjinsu ya yi mummunar lalacewa.

A ajiye kowane gari a roba mai murfi mai matsewa, nesa da murhu da danshi, da suna da ranar saye a jiki, a kuma riƙa ɗiba da busasshen cokali. Lesitin na ruwa yana ɗaukar warin tsohon mai idan ya sha rana, a sa shi a inuwa. Wanda ya dunƙule ya yi tauri ko ya canza wari, a zubar.